Tarzoma: Ko Tana Gyara Ƙasa, Ko Ta Halatta ga Mai Bi?

Karatu: Ayyukan Manzanni 19:23-41, 1 Sarakuna 12:1-19

Akwai wata magana da samarinmu su kan yi in an taɓo zancen mulki, wai Gwamnati ba ta jin magana sai ta ga hayaƙi. Dattawa su kan tsauta musu su ce wannan zancen banza ne. Amma tsautawa ba ta amsa tambaya, kuma saurayin da aka rufe masa baki a cikin ɗakin sujada ya kan je ya nemi amsa a bakin kasuwa. Saboda haka a darasin wannan wata za mu zauna da maganar, mu auna ta da abin da ya faru a duniya da kuma Maganar Allah.

Ku lura tun da fari, tambayoyi biyu ne su ka haɗu a nan. Ta ɗaya, ko tarzoma tana iya sa masu mulki su sake hanya? Ta biyu, ko daidai ne mutum ya shiga cikinta? Mutane da yawa suna tsammani in an amsa ta ɗaya an amsa ta biyu. Ba haka ba ne. Ɓarawo ma ya kan sami abin da ya fita nema.

Abin da ya faru a Ankara

Mu fara da ƙasar Ghana, wadda a zamanin mulkin Ingila a ke kira Gwal Kwas, gama a can ne masu goyon bayan tarzoma su ke da hujjarsu mafi ƙarfi. Ba zai yi kyau mu zaɓi misali mai rauni don mu ji daɗin kayar da shi ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ƙasar su ka komo gida, da yawa daga dajin Bama. An yi musu alkawarin fansho da aikin yi, amma su ka tarar da zaman banza da tsadar kaya. A watan Janairu na 1948 wani basarake na birnin Akra, wanda fatakenmu su ke kira Ankara, mai suna Nii Kwabena Bonne, ya kira jama'a su daina sayen kayan kantunan Turawa har sai an rage kuɗi. Mutane su ka riƙe maganar wajen wata guda, har kamfanoni su ka yarda za su rage. Ranar da aka sa don a koma ciniki ita ce Asabar, 28 ga Fabrairu.

A ran nan ne kuma tsofaffin sojoji su ka yi jerin gwano, ba makami a hannunsu, za su kai takardar kuka wurin Gwamna, Sir Gerald Creasy, a gidansa na Christiansborg. 'Yan sanda su ka tare su a mararraba. Baturen 'yan sanda mai suna Imray ya yi harbi, mutum uku su ka mutu: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Da labari ya shiga gari sai tura ta kai bango. Aka fasa kantunan Turawa da na Kwarori, aka kwashe kaya, aka sa wuta, abin ya bazu har Kumasi da Koforidua da waɗansu garuruwa. Kafin a kwantar da shi bayan kwana biyar, mutum 29 sun mutu, 237 sun ji rauni.

To, me ya biyo baya? Gwamnati ta kama shugabanni shida, cikinsu da Danquah da Kwame Nkrumah, kamun kuwa ya ƙara musu daraja ne a idon jama'a. Ingila ta aiko da kwamitin bincike a ƙarƙashin Watson, kwamitin ya ce tsarin mulkin 1946 ya riga ya tsufa tun ran da aka kafa shi. A 1949 aka sa wani kwamiti na 'yan ƙasa zalla a ƙarƙashin alƙali Coussey ya tsara sabo. A 1951 aka yi zaɓe, jam'iyyar Nkrumah ta ci kujeru 34 cikin 38 da aka zaɓa kai tsaye, aka fito da shi daga kurkuku aka ba shi jagorar Gwamnati. Ran 6 ga Maris 1957 Ghana ta sami mulkin kanta.

Saboda haka wanda ya ce tarzoma ba ta taɓa motsa masu mulki ba, bai faɗi gaskiya ba, kuma samarinmu masu karatu za su kama shi. Ta motsa su a Ankara.

Amma mu sake duba labarin a hankali. Ragin kuɗin kaya an same shi kafin a jefa dutse ko ɗaya, ta hannun mata da maza waɗanda su ka haƙura da atamfa wata guda. Mutum ukun nan da Ghana ta ke tunawa da su kowace shekara takarda su ke ɗauke da ita, ba su fasa kantin kowa ba. Indiya kuwa ta riga ta sami mulkin kanta a 1947, Ingila ta fito daga yaƙi a gajiye da bashi a wuyanta. Bayan tarzomar kuma sai da aka yi shekara tara ana aiki: kafa jam'iyya, buga jarida, yajin aiki na 1950, zaman kurkuku, bin ƙauyuka ana koya wa mutane jefa ƙuri'a. Tarzomar ta gaggauta abin, ban musa ba. Amma da babu mutanen da su ka shirya karɓar mulki, da abin da za ta bari shi ne toka da kaburbura 29.

Sarkin da ya toshe kunne

Labarin takardar kukan nan ya kamata ya tuna mana da Rehobowam ɗan Sulemanu. Jama'ar Isra'ila su ka zo masa a Shekem da roƙo guda, ya sassauta aikin tilas da ubansa ya ɗora musu, su kuwa za su bauta masa. Ba su zo da sanda ba. Ya ce su ba shi kwana uku. Dattawa su ka ba shi shawara ya amsa musu da taushi. Tsararsa samari su ka ce ya nuna musu shi ya fi ubansa zafi. Ya bi ta samari. Da ya aiki Adoram, shugaban aikin tilas, mutane su ka jejjefe shi har ya mutu, sarki ya hau keken doki ya gudu Urushalima, kabila goma su ka ɓalle.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin sarkin nan ba, mu ma kada mu ɓoye. Yawancin tarzoma suna da uba, uban kuwa sau da yawa yana zaune a kan kujerar mulki. Mai mulkin da ya rufe ƙofar kuka, wanda ya amsa takarda da harsashi, zai ba da lissafi a gaban Allah saboda jinin da ya biyo baya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Pasto ko dattijon da ya iya tsauta wa matashi mai dutse amma harshensa ya kan mutu a gaban mai zalunci, ba wa'azin annabawa ya ke yi ba.

Duk da haka ku dubi inda dutsen ya sauka. Wanda ya yi maganar gatsali ya tsira a keken dokinsa, ɗan aike ne ya mutu. An bar jaki an daki taiki. Ku dubi kuma abin da kabilu goma su ka samu: Yerobowam, wanda ya kafa musu 'yan maruƙan zinariya a Betel da Dan. Aya ta 15 ta nuna cewa juyin nan daga wurin Ubangiji ne, don cika maganar da ya yi ta bakin annabi Ahija. Amma kada wani ya ɗauki wannan ya ce ashe masu jifa sun yi daidai. A Ishaya sura 10 Allah ya yi amfani da Assuriya kamar sanda, daga baya ya hukunta ta saboda girman kanta. Allah ya iya fitar da nufinsa daga cikin muguntar mutane, muguntar kuwa tana nan a matsayinta na mugunta.

Kano, 1953

Yanzu mu komo gida, gama shekara biyar bayan ta Ankara mu ma mun ga tamu. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisa a Ikko cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa, Sardauna na gaba, su ka ce a bari sai lokacin da ya dace. Da su ka fito, taron mutane ya yi musu ihu da zagi. Su ka komo Arewa da ɓacin rai. A watan Mayu jam'iyyar Action Group ta aiko da wakilai a ƙarƙashin Akintola su yi taro a Kano. An hana taron, amma wuta ta riga ta kama. Daga Asabar 16 ga Mayu har zuwa 19 aka yi ta faɗa tsakanin Fagge da Sabon Gari. Bisa lissafin Gwamnati mutum 36 su ka mutu, 241 su ka ji rauni.

Wannan ma ta motsa masu mulki. Cikin makon nan Oliver Lyttelton, Sakataren ƙasashen da Ingila ta ke mulka, ya ce lalle a sake tsarin mulki. Aka yi taro a London a watannin Yuli da Agusta, a 1954 kuwa aka kafa tarayya, kowace jiha da ikonta. Shugabannin Arewa sun sami abu mai yawa daga cikin abin da su ke so.

Amma wa ya biya? Jam'iyyar da ta aiko da wakilai yawancinta Yarabawa ce. Waɗanda aka fi gwabzawa da su a Sabon Gari Ibo ne, 'yan kasuwa da akawu da masu gyaran mota. 'Yan Arewan da su ka mutu su ma ba 'yan majalisa ba ne, talakawa ne. Ba ko ɗaya daga cikin waɗanda su ka yi gardama a Ikko da ya kwanta a kabarin nan. Akwai kuma wani bashi da ba a rubuta a cikin lissafin Gwamnati ba, watau mutane sun ga ana iya kashe maƙwabci saboda yarensa gari ya waye a ci gaba da ciniki. A 1966, a watan Mayu da kuma Satumba da Oktoba, aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, daga 1967 zuwa 1970 kuwa aka yi yaƙin basasa.

Wanda ya ke yabon tarzoma saboda Ankara, tilas ya karɓi Kano tare da ita. Makami ɗaya ne. Ba ta tambayar ko mai riƙe da ita yana da gaskiya.

Cikin taron Afisus

Luka ya buɗe mana cikin tarzoma kamar yadda mahauci ya ke buɗe cikin dabba, don mu ga abin da ke ciki. Ku karanta Ayyukan Manzanni 19 da natsuwa.

Wanda ya kunna ta Dimitriyus ne, maƙerin azurfa, mai ƙera ƙananan siffofin haikalin gunkiyarsu Artimis. Wa'azin Bulus ya rage masa ciniki. Da ya tara abokan sana'arsa ya fara da zancen riba, sa'an nan ya lulluɓe shi da zancen darajar gunkiya. Ya san mutum ba zai fita ya mutu don aljihun wani ba, amma zai fita don addininsa. Masu irin wannan dabara ba su ƙare da Dimitriyus ba, akwai su a cikin kowane addini, har da namu.

Gari ya ruɗe, aka ruga zuwa dandalin wasa, wanda har yanzu kangonsa yana nan a ƙasar Turkiyya, yana iya ɗaukar mutum fiye da 20,000. Ba su sami Bulus ba, sai su ka ja Gayus da Aristarkus, abokan tafiyarsa, don su ne hannu ya kai gare su. Aya ta 32 ta ce yawancin taron ba su ma san dalilin taruwarsu ba. Wani mai suna Iskandari ya ɗaga hannu zai yi bayani. Da su ka gane Bayahude ne sai su ka rufe shi da kirarin gunkiyarsu har wajen sa'a biyu. Ba a ji abin da zai faɗa ba, an dai ji ko shi ɗan wace kabila ne.

Wanda ya kashe wutar magatakardan gari ne, mutumin da ba mai bi ba. Ya ce mutanen nan ba su yi sata a haikali ba, ba su zagi gunkiya ba. In Dimitriyus yana da ƙara, ga kotu a buɗe, ga mahukunta. In akwai wata magana, a kawo ta majalisar gari. Da jin haka taro ya watse.

A nan ne amsar tambaya ta biyu ta ke. Shari'a tana tambayar sunan mutum da laifinsa da shaidu. Tarzoma ba ta da lokacin wannan. Wanda ya shiga cikinta ya miƙa hannunsa da lamirinsa ga taron da ba shi da kai, ba ya kuma iya karɓe su sai an gama. Shi ya sa Fitowa 23:2 ta hana mutum bin rinjayen jama'a zuwa aikata mugunta. A ranar shari'a ba za a kira Fagge ko Sabon Gari ba, kowa da sunansa za a kira shi.

Kada mu manta kuma, Matta 27 ta nuna Bilatus ya san Yesu ba shi da laifi, amma da ya ga hargitsi yana shirin tashi sai ya wanke hannu ya ba da shi, ya saki Barabbas wanda aka ɗaure saboda tawaye da kisankai. Ran nan ma taro ya sa Gwamna ya sake shawara.

Amma Yesu fa, a cikin Haikali?

Kullum in ana wannan darasi sai wani ya ɗaga hannu ya ce, ai Ubangiji ma ya kifar da tebura. Gaskiya ne, kuma ya kamata labarin ya kunyata masu tsammani bin Yesu shi ne sunkuyar da kai ga kowace ɓarna. Amma ku karanta Yohanna 2 da Markus 11. Ya yi abin da rana, fuskarsa a buɗe. Ya faɗi laifin, ya kuma nufi masu laifin kansu, bai bi danginsu gida ba. Masu sayar da kurciyoyi ce musu ya yi su kwashe kayansu. Bai kira taro su taya shi ba, bai sa ko anini a aljihu ba, ba wanda ya mutu. Kashegari ya komo wurin yana koyarwa, inda masu neman ransa za su same shi. Wanda zai kafa hujja da wannan, sai ya cika sharuɗɗan duka.

Ba a ce mu yi shiru ba

Waɗansu su kan karanta Romawa 13 kamar an ce mai bi ya rufe baki kome mai mulki ya yi. Amma Bulus ɗin da ya rubuta surar nan shi ne wanda aka yi wa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, da mahukunta su ka aiko a sake shi a ɓoye ya ƙi fita, ya ce sai su zo da kansu su fitar da shi, su ka kuwa zo suna ba da haƙuri. Bitrus ya faɗa wa majalisa a fuskarta cewa biyayya ga Allah ita ce gaba. Amos ya tona asirin masu tattake matalauta. Yohanna Mai Baftisma ya rasa kansa don ya tsauta wa Hirudus. Dukansu sun ƙi zalunci, kuma in akwai wahala a cikin ƙin, a jikinsu ta sauka.

Tsakanin shiru da tarzoma akwai fili mai faɗi. A 2012 Gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur ran 1 ga Janairu, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Ran 9 ga wata ma'aikata su ka shiga yajin aiki, jama'a su ka cika filaye, ran 16 aka sauko da kuɗin zuwa naira 97. An yi hasarar rayuka a waɗansu wurare, ba a kuma sami dukan abin da aka nema ba. Amma a cikin kwanakin nan an ga Kirista sun kewaye Musulmi suna tsaronsu har su idar da salla. Taron da ya ke da shugabanni sanannu, da bukata wadda kowa zai iya faɗa, wanda in an ce ya tsaya zai tsaya, wannan mai bi yana iya shiga da lamiri mai tsabta. Sa'ad da ya ga an fara ɗaukar dutse ko an nufi kantin wani, lokacin komawarsa gida ya yi, ko da za a kira shi matsoraci.

Sauran magana mai wuya. Waɗansu masu karanta wannan sun binne 'yan'uwa a Kaduna a 2000 ko a Jos a 2001, sun ga ɗakin sujadarsu ya zama toka, ba su kuwa ga an hukunta kowa ba. Ba zan ce musu abin da sauƙi ba. Mutumin da ya tsaya a ƙofar gidansa da dare ya kāre matarsa da 'ya'yansa, ban iya kā da shi ba. Amma wanda gari ya waye ya bi taro zuwa wata unguwa, ya tare mai tallar rake ko mai sayar da shayi don sunansa, wannan ya zub da jinin marar laifi, baftismarsa kuwa ba ta wanke shi daga wannan ba. Ramuwa irin wannan an yi ta da hannun waɗanda su ke zama a bencinmu ran Lahadi, ya kuwa kamata mu faɗi haka a fili a cikin ekklesiya.

Aikin dattawa yana farawa tun kafin ranar. Su san masu unguwa da limaman da ke kusa da su tun ana zaman lafiya, don ran da jita-jita ta tashi a sami wanda za a je wurinsa a tambaya. In jama'arsu suna da kuka a kan gona ko haraji ko kamun zalunci, su rubuta shi, su sa hannu da sunayensu, su kai da ƙafarsu, in an kore su su sake komawa. Su kuma yanke shawara tun yanzu, su sanar da ita daga bagade, cewa duk wanda ya gudo gidan mai bi ko harabar ɗakin sujada a ranar tashin hankali za a ɓoye shi, ba za a tambaye shi addininsa ko yarensa ba sai ya sha ruwa.